ƘAUNA DA GASKIYA A ZAMAN TSIBIRI: DARASI DAGA AMBON

(Jawabin da aka gabatar a zauren taron ƙungiyar ɗalibai)



An nemi mu yi magana a kan matsayin ƙauna da tsarkin zuciya wajen warware matsalolin jama'ar da ke zaune a tsibiri. Wani zai iya cewa ina ruwan biri da gada, tun da yake galibinmu mutanen tudu ne, ko teku ba mu taɓa gani ba. Amsar ita ce, tsibiri wuri ne da ruwa ya kewaye ta kowace fuska, in rigima ta tashi ba a ɗaura kaya a tsallaka gari na gaba da ƙafa. Wanda ka ƙona wa gida jiya, kasuwarku ɗaya gobe, kuma jirgin ruwa ɗaya ne zai kawo muku shinkafa da magani. Saboda haka abin da yakan ɓuya a zaman manyan ƙasashe, a tsibiri yakan fito fili, har mai kallo daga nesa ya ɗauki darasi.

Maimakon mu yi ta shawagi daga wannan tsibiri zuwa wancan, mun zaɓi guda ɗaya, watau Ambon na ƙasar Indonesiya. Abin da muke so mu nuna shi ne, ƙaunar da mutanen Ambon suka gada daga kakanni ta taimake su, amma ba ta kashe wutar da ta tashi a tsakaninsu ba sai da aka haɗa ta da gaskiya.

Ƙasar da Mutanenta

Ambon yana cikin rukunin tsibiran Maluku, can gabashin Indonesiya. Tsawonsa bai wuce kilomita hamsin da 'yan kai ba, birninsa kuwa yana da mutane kusan 350,000 bisa ƙidayar shekarar 2020. Maluku ita ce asalin kanumfarin nan da muke sa wa a yaji da kunu, kuma shi ne ya jawo mata baƙi. Fatake Musulmi ne suka riga zuwa, sa'an nan Turawan Fotugal suka iso a 1512, daga bisani kamfanin cinikin Turawan Holan ya ƙwace Ambon a 1605, ya tsare cinikin kanumfari a hannunsa shi kaɗai. Ta haka tsibirin ya zama gida ga addinai biyu: ƙauyukan gaɓar arewa, watau Leihitu, akasari Musulmi, na ɓangaren Leitimur a kudu kuwa akasari Kirista. Ƙabila ɗaya ce, abinci ɗaya, sau da yawa ma sunan zuri'a ɗaya.

Sai dai 'yan mulkin mallaka ba su riƙe ɓangarorin biyu daidai ba. Kirista ne suka fi samun ilmin boko, su ne malaman makaranta da akawuna da sojojin Holan, Musulmi kuwa suka tsaya ga noma da su da fatauci. Bayan samun 'yancin kai aka fara samun canji. 'Ya'yan Musulmi suka shiga makarantu, baƙi Musulmi daga tsibirin Sulawesi, watau ƙabilun Bugis da Buton da Makasar, suka kwararo suka cika kasuwa da tashar mota. A shekarun 1990 Musulmi suka riƙe kujerar gwamnan lardin a jere. Kirista suka fara jin cewa ana raba su da aikin gwamnati, Musulmi kuma suna ganin haƙƙin da aka daɗe da danne musu ne ya fara dawowa. Muna roƙon ma'aikatan da ke cikinmu su riƙe wannan batu, domin za mu komo kansa.

Alkawarin Pela

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Maluku ta tsakiya suna da wata al'ada da suke kira pela. Alkawari ne na 'yan'uwantaka tsakanin ƙauye da ƙauye, wanda kakanni suka ƙulla da rantsuwa, jikoki kuma suke gadonsa. Wani bayan yaƙi aka ƙulla shi, wani bayan an ceci wasu daga halaka, wani kuma saboda ƙauyukan sun yi imani tsatsonsu ɗaya, shi ne ake kira gandong, ma'ana waɗanda suka fito ciki ɗaya. Ya yi kama da taubasantakar da ke tsakanin Fulani da Barebari, amma ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Wajibi ne ƙauyukan su agaza wa juna in yaƙi ko yunwa ko wata masifa ta auku. In ɗan pela ya zo garinku ba a hana shi abinci. In ɗaya ƙauyen zai gina masallaci ko coci ko makaranta, ɗayan zai zo da katako da ma'aikata. A pela mai ƙarfi ma ba a auratayya, domin an ɗauka jini ɗaya ne. Masanin al'adu Dieter Bartels, wanda ya yi bincike a can a shekarun 1970, ya nuna cewa da yawa daga cikin waɗannan alkawura tsakanin ƙauyen Musulmi ne da na Kirista.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Batu Merah, ƙauyen Musulmi, da Passo, ƙauyen Kirista. Labarin baka ya ce mutanen ƙauyukan biyu suna komowa daga kai gaisuwa ga Sarkin Ternate, sai igiyar ruwa ta kifar da jirgin mutanen Passo kusa da tsibirin Buru. Mutanen Batu Merah suka tsamo su, suka raba ɗan guzurinsu biyu, kifi da kwakwa da sago, wanda shi ne garin da suke samu daga cikin kututturen wani irin dabino. A nan gaɓar teku suka yi rantsuwar zama wa da ƙane. Bayan 'yan shekaru akan shirya bikin da suke kira panas pela, watau ɗumama alkawari, a taru a karanta tarihinsa a gaban yara. Sun gane abin da Bahaushe ya gane da ya ce zumunta a ƙafa take.

Ranar da Wuta ta Tashi

A 1997 tattalin arzikin Indonesiya ya durƙushe, a watan Mayu na 1998 Shugaba Suharto ya sauka bayan mulkin shekara talatin da biyu, ƙasa ta shiga ruɗu. Ranar 19 ga Janairu 1999, ranar ƙaramar salla, faɗa ya kaure tsakanin wani direban motar haya Kirista da wani saurayi Musulmi a wajen Batu Merah. Irin wannan faɗa na tasha ba baƙo ba ne, yakan mutu kafin magariba. Amma wannan karo ji-ta-ji-ta ta riga 'yan sanda isa unguwanni, nan a ce an ƙone masallaci, can a ce an ƙone coci. Kafin kwana biyu kasuwanni da unguwanni sun kama da wuta.

Rikicin ya bazu zuwa sauran tsibiran Maluku, ya ɗauki shekara uku. Kirista suna ɗaura jan ƙyalle a ka, Musulmi fari. Aka laƙaba wa juna sunayen raini, ana ce wa Kirista Obet, Musulmi kuma Acang. A shekarar 2000 dubban mayaƙan ƙungiyar Laskar Jihad suka iso daga tsibirin Jawa, jami'an tsaro su ma suka rabu, wasu suna mara wa wannan ɓangare baya, wasu wancan. A watan Yuni na 2000 aka kafa dokar ta-ɓaci, a watan Yuli kuwa aka ƙone Jami'ar Pattimura, babbar jami'ar lardin, da azuzuwanta da ɗakin karatunta. Birnin ya rabu gida biyu: asibiti daban, kasuwa daban, tashar jirgin ruwa daban. Ƙiyasi mafi ƙaranci ya nuna mutum 5,000 sun mutu a faɗin Maluku, fiye da rabin miliyan kuma sun bar gidajensu.

To, ina pela a wannan lokaci? Masu bincike sun lura cewa ƙauyukan da ke da alkawari da juna ba kasafai suka kai wa juna hari ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma alkawarin yana da iyaka ta fuska uku. Na farko, ƙauye biyu ko uku yake haɗawa, galibi masu nisa da juna, bai hana mutum ya far wa maƙwabcinsa na kusa ba. Na biyu, baƙin da suka zo daga Sulawesi ba su cikinsa, alhali su ne a tsakiyar rigimar kasuwa da tasha. Na uku, dokar mulkin ƙauyuka ta 1979 ta riga ta raunana sarakunan gargajiya, waɗanda su ne masu tsaron alkawarin, ta mai da su kamar ƙananan ma'aikatan gwamnati. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙaunar da ta tsaya ga wanda kakanka ya yi wa rantsuwa, ta bar maƙwabci da baƙo a waje, ba ta iya riƙe birni.

Ƙauyen da Bai Ƙone ba

A tsallaken mashigin ruwan da ke gaban birnin Ambon akwai wani gari mai suna Wayame. Mutanensa gauraye ne, Musulmi da Kirista, 'yan ƙasa da baƙi, kuma babu wani alkawarin kakanni da ya ɗaure su da juna. Garuruwan da ke kusa da shi sun ƙone, har da Poka inda jami'ar take, amma Wayame ya fita daga shekarun nan uku ba tare da mazaunansa sun yaƙi juna ba.

Abin da suka yi shi ne, tun farkon rikicin suka kafa kwamitin mutum ashirin, goma Musulmi, goma Kirista, da wani fasto mai suna John Sahalessy cikin jagororinsa. Kwamitin ya riƙa tara jama'a a kai a kai, wani lokaci a coci, wani lokaci a masallaci, ya kuma kafa dokoki. Ba a ɗaura jan ƙyalle ko fari a cikin gari. Ba a kiran kowa Obet ko Acang. Ba a shan giya. Duk wanda ya ji wani labari, kwamiti zai kai wa a bincika kafin ya faɗa wa maƙwabcinsa. Wanda ya fita ya shiga yaƙi a wani gari ba zai komo ba, in an kashe shi kuwa ba za a binne shi a Wayame ba. Muhimmin abu shi ne, kowane ɓangare shi ke hukunta nasa: Musulmi su hori ɗan Musulmi, Kirista su hori ɗan Kirista.

A nan ne ma'anar tsarkin zuciya take fitowa. Kowa yana iya tsayawa a taro ya ce yana ƙaunar zaman lafiya, domin Musa a baki Fir'auna a zuci ba sabon abu ba ne. Abin da ke sa abokin zama ya yarda da kai shi ne ya ga ka kori ɗan ɗan'uwanka daga gari saboda ya karya dokar da kuka kafa tare. Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Mutanen Wayame sun ƙi irin wannan so, suka zaɓi wanda ke ganin laifin nasa ya kuma faɗa.

Gaskiya ta wajabta mu ƙara da cewa a Wayame ne babbar ma'ajiyar man fetur ta yankin take, sojoji suna gadinta, kuma ɓangarorin biyu duk suna bukatar man. Wannan ya taimaka ƙwarai. Amma akwai wurare da dama da sojoji suke, suka kuma ƙone. Soja yana iya tare mahari daga waje, ba ya iya hana maƙwabci ya zargi maƙwabcinsa. Wannan aikin kwamitin ashirin ne. Har kasuwa suka buɗe, inda Musulmi da Kirista daga wasu garuruwa suke zuwa su yi ciniki.

Daga Kasuwa zuwa Teburin Sulhu

Ba Wayame kaɗai ba ne. Mata 'yan talla masu sayar da kifi da kayan lambu su ne suka fara tsallaka iyakar unguwanni, domin kifi yana wannan ɓangare, ganye yana wancan, yara kuma ba su san dokar ta-ɓaci ba in yunwa ta kama su. Tun a 1999 wasu mata Musulmi da Katolika da Furotesta suka haɗu cikin ƙungiya ɗaya suna kira a daina zub da jini. A shekarar 2000 aka fara wani yunƙuri mai suna Baku Bae, kalmar da yaran Ambon suke faɗa in sun shirya bayan faɗa. Masu wannan yunƙuri suka riƙa fitar da shugabannin mayaƙa da malaman addini da sarakuna zuwa wasu tsibirai, su zauna su faɗa wa juna abin da ke ransu.

A kan wannan harsashi gwamnati ta yi nata ginin. Ranar 12 ga Fabrairu 2002, a garin Malino na Sulawesi ta Kudu, wakilai 35 na Musulmi da 35 na Kirista suka sa hannu a kan yarjejeniya mai sharuɗɗa 11, bisa jagorancin minista Jusuf Kalla. Cikin sharuɗɗan akwai ajiye makamai, da komawar 'yan gudun hijira gidajensu, da kafa kwamitin binciken musabbabin rikicin. Sharaɗi na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye: a sake gina Jami'ar Pattimura, a kuma riƙa ɗaukar ɗalibai da ma'aikata a fili bisa adalci. Ashe rabon guraben karatu da na aiki yana cikin abubuwan da suka kai mutane ga ɗaukar adda. Tun daga lokacin ya zama al'ada a Maluku, in ɗan takarar gwamna Musulmi ne mataimakinsa Kirista ne, in Kirista ne mataimakinsa Musulmi.

Yarjejeniyar ba ta kashe wutar nan take ba. An kai hare-hare a watan Afrilu na 2002, an sake wata tarzoma a Afrilu na 2004. Rahoton kwamitin bincike kuwa shekaru suka shuɗe ba a fitar da shi ga jama'a ba, wanda ya bar kowane ɓangare da nasa labarin. Inda hukuma ta gaza, wasu malaman addini suka yi nasu ƙoƙari. Fasto Jacky Manuputty ya fito fili ya faɗi cewa a farkon rikicin shi da kansa ya yi wa mayaƙan Kirista addu'a kafin su fita. Shi da Ustaz Abidin Wakano da wasu suka kafa cibiyar tuntuɓa tsakanin addinai a 2003, har suka riƙa kai fastoci su kwana a gidajen Musulmi, domin gani ya kori ji.

Gwajin Shekarar 2011

A watan Satumba na 2011 wani ɗan acaɓa Musulmi ya mutu a unguwar Kirista. 'Yan sanda suka ce haɗari ne, saƙonnin tes kuwa suka cika wayoyi cewa azabtar da shi aka yi aka kashe. Ranar 11 ga watan faɗa ya ɓarke, aka ƙone gidaje, aka rasa rayuka. Duk alamun 1999 sun bayyana.

A nan wasu matasa, Musulmi da Kirista, ɗalibai da malaman jami'a da 'yan jarida, suka haɗu suka kira kansu masu tunzura zaman lafiya. Aikinsu mai sauƙin faɗa ne, amma akwai kasada a ciki. In labari ya zo cewa an ƙone coci kaza, sai wanda yake kusa ya je ya duba da idonsa, ya ɗauki hoto, a aika wa jama'a ta tes da Facebook da Twitter cewa ga cocin nan a tsaye. In an ce taron Kirista ya nufo wata unguwa, Kirista ne zai je ya gani ya ba da shaida, Musulmi kuma ya isar wa Musulmi. Cikin 'yan kwanaki ƙura ta lafa, waɗanda suka mutu ba su kai goma ba. Jami'an tsaro sun yi nasu aiki, jama'a kuma sun gaji da yaƙi, amma toshe bakin ji-ta-ji-ta na waɗannan matasa ne. Abin lura shi ne, shaidar ta karɓu ne saboda akwai abota ta shekaru tsakanin masu ba da ita. Ƙauna ce ta sa aka saurare su, gaskiya kuma ta sa aka ci gaba da saurarensu.

A 2012 Ambon ta karɓi musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa baki ɗaya, wasu daga cikin baƙin ma a gidan bishop ɗin Katolika aka sauke su. A 2015 ta karɓi gasar mawaƙan coci ta ƙasa, Musulmi suka taya hidima. Duk da haka kada mu ɗauka an gama. Har yanzu galibin unguwannin birnin a rabe suke bisa addini, kuma a Janairu 2022 rigimar fili a tsibirin Haruku da ke maƙwabtaka ta sa an ƙone gidajen ƙauyen Kariu. Mutanensa suka gudu zuwa Aboru, ƙauyen da suke gandong da shi, aka kuwa karɓe su.

Kammalawa

'Yan'uwa, in muka tattara abin da ya gabata za mu ga abu uku. Ƙauna tana bukatar a faɗaɗa ta ta haɗa da maƙwabci da baƙo, a kuma riƙa ɗumama ta tun ana zaman lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Tsarkin zuciya kuwa da aiki ake gane shi: ka bincika labari kafin ka yaɗa, ka hukunta naka, ka faɗi laifinka da bakinka. Na uku, duka biyun ba su ɗorewa inda rabon aiki da karatu ya karkata.

Wannan na ƙarshe namu ne. Yawancin waɗanda ke cikin wannan zaure, in ba su riga sun zauna a kujerar ofis ba, suna gab da zama. Takardun neman aiki da na shiga makaranta da na rabon filaye ta hannunmu za su bi. Duk ranar da muka tura takardar ɗan garinmu sama muka danne ta wanda ya fi shi cancanta, mun ƙara itace ɗaya a murhun da wani faɗan tasha zai kunna wata rana. Haka kuma wayar da ke aljihun kowannenmu tana iya yin aikin saƙonnin da suka tayar da Ambon, tana kuma iya yin aikin matasan da suka kwantar da ita. Harabar jami'a ma kamar tsibiri take, ɗakin kwana ɗaya, ɗakin cin abinci ɗaya, mutane daga kowace kusurwa. A nan ya kamata mu ƙulla irin abotar da za ta sa, in ranar tsanani ta zo, wanda ba addininmu ɗaya ko ƙabilarmu ɗaya ba ya ji maganarmu ya gaskata.

Shugaban taro, nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.  Allah ya zaunar da mu lafiya.